Wanda Ya Ce Ya Ajiye Makulli

Duk wanda ya san Baba Direba ya san ba ya ba da hanya. Shekara da shekaru yana jan bas ɗin makaranta bai taɓa ko kwarzane ta ba, amma in kuka haɗu a shataletale, kai ne za ka taka birki. Yara na son sa, direbobi na zagin sa a ciki, shi kuwa ko a jikinsa.

Sai ido ya fara yi masa wasa. Da farko ya ɗauka gilashin gaba ne ya yi datti, ya yi ta goge shi har tsumma ya yage. In hasken safe ya doki gilashin, titi sai ya koma fari fat. Wata safiya wata 'yar aji ɗaya ta sauka ta zaga ta gaban motar, bai gan ta ba sam. Ihun yaran baya ne ya sa ya taka birki, jakarta har ta taɓa bamba. Ya sauko yana faɗa, ya ɗora mata laifi.

Tsoro biyu suka sa shi a tsakiya. In makaranta ta ji, aiki ya tafi, kuma ba mai ɗaukar direba da furfura da mugun ido. In ya yi shiru, 'ya'yan mutane ne a bayansa kullum.

Akwai rukunin abokan aikinsa a waya, inda kowa ke da sunansa da hotonsa. Nan ya ɗan tsakura musu, ya ce idonsa na yi masa hazo-hazo. Amsoshi suka zubo. Wannan ya ce gajiya ce, Baba. Wancan ya ce kai da ka koya mana tuƙi? Sauran suka jero addu'a. Ba wanda ya yi niyyar cutar sa, girmansa kawai suke gani, kuma shi ma abin da yake so ya ji ke nan.

Akwai kuma babban zauren direbobi na intanet, inda kowa ke shiga da sunan da ya ga dama. Baba Direba ya daɗe yana kiran 'yan wurin matsorata, wai namiji ba ya magana a bayan labule. To, ranar da tsakar rana, a cikin bas ɗin da ya faka ƙarƙashin bishiya, namijin ya shiga bayan labule. Ya sa wa kansa suna Fasinja, ya rubuta komai, har da jakar da ta taɓa bamba.

Wani ya tallata masa maganin ɗigawa. Wani ya yi masa dariya. Can sai ga wani mai kiran kansa Safaya.

"Malam Fasinja, ba zan yi maka addu'a in wuce ba. Ajiye makullin nan yau. Abin da ka faɗa ya yi kama da yanar ido, kuma ana cire ta, amma ni ba likita ba ne, je ka su duba. In ka sake ɗaukar 'ya'yan mutane da wannan idon, kai ba direba ba ne."

Ran Baba ya ɓaci. Rabon da wani ya yi masa magana haka tun yana yaron mota. Ya rubuta, "Ka san da wa kake magana kuwa?"

"Ban sani ba," in ji Safaya. "Shi ya sa nake iya gaya maka."

Ya kai ƙara wurin matarsa, yana jiran ta taya shi fushi. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Malam, ai ni na daɗe da gani. Kullum sai na goge tebur, rabin shayinka a gefen kofi kake zuba shi."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya isa?"

Wannan ta fi ta Safaya zafi. Washegari ya je ofishin shugabar makaranta a ƙafa, ya ajiye makulli a kan teburinta, ya gaya mata gaskiya. Ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ta ce za a nemo mai riƙe motar, ya je ya ga likita, in ya dawo a gani.

Yanar ido ce kuwa. Aka yi aiki, ido ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka cire bandeji ya ƙura wa matarsa ido, ya ce, "Yaushe kika yi furfura haka?" Ta ce ai shi ya jawo mata ita. Da likita ya tabbatar idon ya koma daidai, shugaba ta miƙo masa makullinsa. 'Yar aji ɗayan nan ce ta fara hawa, ta gaishe shi, ba ta ma tuna abin da ya faru ba. Shi ya tuna, sai da ya share ido kafin ya tayar da mota.

Ya koma zaure neman Safaya. Ya ce ya gaya masa sunansa da inda yake, ko taya ce ya saya masa. Safaya ya ce, "Bar shi haka, Malam Fasinja. In muka san juna, gobe sai mu fara jin nauyin juna. Ka gaida yaran."

Ba a jima ba masu kula da zauren suka gaji da 'yan damfara da masu zagi, suka kawo shawarar kowa ya sa sunansa na gaskiya da hoto. Baba bai ga laifinsu ba, shi ma an tallata masa maganin banza. Amma ya cire Fasinja, ya sa sunansa da fuskarsa, ya ba da labarinsa duka. Ya ce da sunan nan ya tambaya an lallashe shi, da na aro ya tambaya an cece shi. Abokan aikinsa suka karanta, wasu suka kasa haɗa ido da shi. Aka kaɗa ƙuri'a, masu son sunan gaskiya suka yi rinjaye. Zaure ya yi tsaf, zagi ya ragu, gaisuwa ta ƙaru. Safaya kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Godiyar ta tsaya wa Baba a ƙirji, ba wanda zai miƙa wa. Bai san ko mai tifa ne ba, ko mai tasi, ko ma mace ce.

Wata safiya a shataletale, wani mai tsohuwar akori-kura ya kunno kai ba bisa ƙa'ida ba. Yara suka gyara zama, sun san za a ji ham da faɗa. Baba Direba ya taka birki, ya ɗaga masa hannu ya wuce. Ya bar na bayan akori-kurar ma ya wuce.

"Baba, ka san shi ne?" in ji wani yaro.

Baba ya bi akori-kurar da kallo, yana ganin lambarta tar.

"Wataƙila," ya ce, ya sa giya.