Garin Roba a Duron Kubra

Duk unguwar Gada Biyu an san Kubra da tsabta, ita ma ta san an sani, abin da ya ɓata ta ke nan. Famfon unguwar sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka ta ajiye wani shuɗin duro na roba a tsakar gida, rana na dukansa shekara da shekaru. Duk sanda ruwan ya ƙare sai ta kwantar da shi, ta shige har kugu, ta dirje cikinsa da soson ƙarfe. In ta gama kuma ta bi matan layi da gori, wai ruwan ƙazanta suke ɗura wa 'ya'yansu.

Saboda wannan tsabtar maƙwabciyarta Felicitas, mai sayar da atamfa a kasuwar Terminus, take bar mata jaririyarta kullum, da gwangwanin madara. Amana ce babba, Kubra kuwa har tinƙaho take yi da ita.

Wata Asabar Felicitas ta dawo da wuri, ta ce bari ta dama madarar da kanta. Ta ɗauko fulas ɗin da Kubra ke zuba tafasasshen ruwan duron, ta shimfiɗa farin hankici a bakin kofi kamar yadda ta saba a gidanta, ta tsiyaya. Kubra har ta buɗe baki za ta ce ruwanta ba ya buƙatar tata, sai ta ga hankicin. Wani shuɗin gari ne ya kwanta a kai, kamar gishiri.

"Maman Mahdi, wannan ai kalan duronka ne," in ji Felicitas da Hausarta ta 'yan Jos, murya ƙasa-ƙasa, tana kiran Kubra da sunan ɗanta.

Kubra ta zura hannu ta shafi cikin duron, yatsunta suka fito da garin. Ashe robar ta toye, soson da take taƙama da shi ne yake kankaro ta cikin ruwan, ita kuma take ɗura wa 'yar mutane. Kunya ta rufe ta, ta kasa ko ba da haƙuri.

Ta ɗauka shi ke nan, ba za a sake kawo yarinyar ba. Ran Litinin sai ga Felicitas da sallama, ta gaishe ta faran-faran, ta miƙa mata jaririyar da madara. Sannan ta ciro gorar ruwa daga jakarta, ta ajiye a gefen tabarma, ta wuce kasuwa. Kubra ta gwammace a ce zaginta aka yi.