Sauron Fadamar Rawayya

Shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa har bayan girbi, Hamidu makiyayi ya sauke garkensa a gonar Dogo, bakin fadamar Rawayya. Haka iyayensu suka yi tun da. Dabbobi su ci kara, su bar taki, ba mai tashi sai ƙasa ta yi baƙi.

Ba a jima ba tumaki suka fara ɓari. Maruƙa suka fara mutuwa. Hamidu ya san cutar sammore, ya san ta harbin daji. Wannan bai san ta ba.

Mutanen gari suka ce ragon da ya sayo a kasuwar Tsafe ne ya kawo ta. Ya yanka ragon. Mutuwa ba ta tsaya ba.

Sai ya sa ido. Wani sauro ya taso daga ruwan da ya kwanta, mai zane a ƙafa, yana cizo ko rana tsaka. Dabbobin da ke ɗaure gefen hayaƙin wutar da yake hurawa suna nan tsaye, na bakin ruwa ke faɗuwa. Ya musanya musu wuri don ya gani. Waɗanda ya kai bakin ruwa suka faɗi.

Da hantsi ya fara tuge turaku. Dogo ya iso yana haki.

"Kai Hamidu, ina zuwa? Rabin gonar ko kashi bai gani ba!"

"Tudu za ni. Sauron nan ke kashe su."

"Sauro? Ashe Bafulatani da sanda yana gudun sauro! Mu da ya ci tun muna goye, mun mutu?"

"Wannan baƙo ne, Dogo. Dubi ƙafarsa."

Ya miƙa masa wanda ya murtsuke a tafin hannu. Dogo ya ture hannun.

"Ubanka bai taɓa barin gonar nan rabi ba. Ka fita yau, ba kai ba karan Rawayya. Kowa zai ji ka saɓa alkawari."

Hamidu ya dubi maruƙan da suka rage. Ba su da yawa.

"Su ji. Ko gaban mai gari haka zan ce, sauro ne. In sun rayu, baɗi zan kwashe takinsu da kaina in kawo maka."

"Riƙe abinka."

Hamidu ya saɓa sandarsa ya kira shanun. Suka bi shi hanyar Karakkai, inda ba kara, sai tsakuwa da iska.