Agogon da Ke Baya da Awa Guda

Shekara uku Zakiyya ta yi tana neman abin da babu wanda ya taɓa ganinsa. Masana sun ce akwai wani baƙin abu da ya cika sararin samaniya, ba ya haske, nauyinsa kaɗai ake ji. Sun ce idan ƙwayoyinsa suka yi karo, wataƙila su saki wani haske mai ƙarfi da ake kira gama. Wannan hasken take tacewa daga bayanan wani tauraron ɗan'adam, a wani ɗan ofis a Garki da fankarsa ta fi aikinta surutu.

Kuma ta samu. Wani ɗan tudu ne ya fito a jikin zanen lissafinta. A kansa ta gina digirinta na uku kaf, ranar Alhamis za ta kare shi a gaban malamai.

Ranar Litinin da hantsi malaminta, Dakta Solomon, ya kira ta. Bai ce ta zauna ba.

"Zakiyya, wannan signal ɗin ba daga sama ya fito ba. Time ɗinki ya kauce da one hour."

Nan take ta gane. Tauraron yana zagaya duniya, wani lokaci ya fuskanci sama, wani lokaci iskar duniya, wadda ita ma ke fitar da hasken gama. Dole a zubar da mintunan da ya kalli ƙasa. Shi ya sa ta saita kwamfutarta a kan agogon da masana ke aiki da shi, wanda ke bayan na Najeriya da awa guda. Da lokacin ya goce, sai ta riƙa zubar da mai kyau tana adana dattin. Shekara biyu tana murna da hasken iskar da take shaƙa.

"Za a iya gyarawa kafin Alhamis, oga?"

"Za a iya. Amma in an gyara, tudun zai tafi."

Ta sake lissafin a gabansa. Tudun ya tafi kuwa.

Ba ta san wanda ya taɓa mata agogo ba sai da ta biya rumfar mahaifinta a kasuwar Wuse bayan la'asar. Malam Uthman gyaran agogo da waya yake yi, mutum ne da ba ya iya ganin lokaci a karkace ya yi shiru, ko na masallacin wani ne. Ta same shi yana nuna wa maƙwabta sabuwar babbar rigar da ya ɗinka saboda Alhamis.

"Ga Daktar tamu," in ji shi. "Ni ma fa da hannuna a digirin nan. Bara waccan ta bar kwamfutarta a nan, na ga duk iliminta agogonta na baya da awa ɗaya cur. Na gyara mata, ban ma faɗa ba."

Aka yi dariya. Zakiyya ta nemi haushi a ranta ta rasa, tausayinsa ne kawai ya cika ta, da na kanta. Babu wanda za ta kai ƙara, babu abin da za ta mayar.

Ya ninke rigar a hankali, ya dube ta.

"Ƙarfe nawa za mu je, 'yata? Kin san ba na son latti."

"Ƙarfe goma, Baba," ta ce.