Tsaga Biyu a Kunnen Kati

Duk wanda ke wasan Garke tsakanin Batsari da Safana ya san muryar Malam Mansur, ko yana so ko ba ya so. Malamin firamare ne, ɗan Katsina da aiki ya kawo Batsari, kuma Allah ya yi masa baki kamar rediyon da aka manta ba a kashe ba. Duk ranar kasuwa da la'asar sai ya ɗauki wayarsa ya zuba zance na minti ashirin, ya tura a zauren 'yan wasa na waya: wane ya ci wane, wane sabon kati ya shigo gari, wa ya yi wautar da ta isa a yi masa dariya. Sunan shirin nasa wai "Labari da Ra'ayi". Matarsa Zulaihat takan ce labarin cokali ɗaya ne, ra'ayin kuma tukunya guda.

Shi Garke wasan kati ne da wasu samari suka ƙirƙiro. Ana sayar da shi kati biyar-biyar a rufe cikin leda, ba ka sanin abin da ka saya sai ka yage. Kowane kati da hoton saniya ko bijimi, da lambar ƙarfi da ta juriya. Akwai katin Fari da ake jefa wa abokin karawa don a rage masa shanu, akwai na Rijiya da ake kare kai da shi. Mutum ya tara, ya yi musaya, ya haɗa talatin, shi ne garkensa. Idan katunan suka ƙare, wanda shanunsa suka fi yawa a kan tabarma shi ya ci.

To, a bana an sa gasa a Safana, wanda ya ci shi zai wakilci ƙananan hukumomin biyu a Katsina. Tun saura sati biyu Mansur ya yanke hukunci a waya.

"Ku rubuta ku ajiye," in ji shi. "Baffa Sahabi ne zai ɗauko kofin nan. Wanda ke da ja, ya zo Batsari ya same ni, ba ɓoyayye ne ni ba."

Sahabi Bafulatani ne mai shekara hamsin da 'yan kai, daga wata ruga kusa da Ruma. Shekara huɗu ke nan da ɓarayin daji suka kore masa shanu kakaf a rana ɗaya, ya kwaso iyalinsa ya dawo Batsari, yana tufkar igiya yana kaiwa kara, kasuwar shanu. A teburin mai shayi ya fara ganin wasan. Sati guda yana kallo, a sati na biyu ya sayi leda ɗaya, kafin damina ta kewayo ba mai zama gabansa ya tashi da dariya. Bai iya karatun boko ba, amma lamba da hoton saniya ba wanda zai koya masa.

Ranar gasar, Mansur ya goyo shi a babur tun da hantsi, don hanyar nan ba a son yamma ta riski mutum a kanta. A zauren wata makaranta aka shimfiɗa tabarmi. Kafin azahar Sahabi ya kayar da mutum huɗu, ya rage shi da Rabi'u, wani mai gyaran babur daga Runka, saurayi mai zafin kai da saurin hannu. Mansur kuwa sai kai da komo yake da waya a baki, kai ka ce shi ya haifi Sahabin.

Al'adar wasan ƙarshe ita ce kowa ya karɓi katin abokin karawarsa ya cakuɗa. Rabi'u ya karɓa, ya fara cakuɗawa, sai ya tsaya. Yatsan makanike ba ya wuce tsaga bai ji ba. Ya ɗaga kati ɗaya sama, ya ɗaga na biyu, ya miƙe tsaye.

"Alƙali, zo ka gani! Katin nan duk da alama!"

Alƙalin gasar Malam Nu'uman ne, tsohon akawun ƙaramar hukuma, mutumin da in doka ta ce a zauna ko a kan ƙaya ne zai zauna. Ya gyara tabarau ya duba. A kusurwar dama ta kowane kati akwai tsaga biyu ƙanana, an yi su da reza, tsaf-tsaf.

"Malam Sahabi, wa ya yi wannan?"

"Ni na yi," in ji Sahabi, ko gezau. "Shaidar gidanmu ce. Tsaga biyu a kunnen dama, tun kakana Daudu. Duk saniyar da ta shigo hannuna sai na yi mata. In ba haka ba, in suka gauraya da na wani, da mi zan ce tawa ce?"

Malam Nu'uman bai yi gardama ba. Ya jawo takardar sakamako, wadda za a aika Katsina a kuma karanta a zauren 'yan wasa, ya rubuta a gaban sunan Sahabi, yana faɗa da ƙarfi: "An kore shi. Maguɗi."

Can baya wani ya ce, "Ai da ma su…" bai ƙarasa ba. Ba sai ya ƙarasa ba, kowa ya ji sauran. A wannan zamani, a wannan yanki, a ce Bafulatanin Ruma ya yi cuta, ai maganar ba a kan tabarma za ta tsaya ba. Za ta bi shi kara, ta bi 'ya'yansa makaranta. Sahabi ya ji, fuskarsa ta yi nauyi, ya dubi takardar da ba ya iya karantawa. Ran Mansur ya ɓaci ƙwarai, ya ji kamar shi aka mara.

"Haba Malam Nu'uman! Haba! A yi wa doka hankali mana!" Ya tsallako tsakiyar tabarma. "Alama ta maguɗi ita ce wadda ke bambanta kati da kati. Wannan duk iri ɗaya ce, talatin ɗin! Me za ta gaya masa? Ga gwaji mai sauƙi. A kife su, a cakuɗa, a tambaye shi. In ya gane ko ɗaya ta baya, ni Mansur na yarda a kore shi, kuma na daina magana a waya har abada!"

"Malam, tsaya," in ji Sahabi a hankali.

Ina! Wanda ya hau dokin baki ba ya jin kira. Jama'a suka ce an yarda, Malam Nu'uman ya cakuɗa da kansa, ya jera katunan a kife, ya ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Wannan fa?"

Abin da ake so kawai Sahabi ya ce bai sani ba. Mansur har da kashe masa ido. Sahabi ya dubi katin, ya dubi Mansur kamar mai ba shi haƙuri.

"Wule ce. Mai farin goshi."

Aka buɗe. Saniya mai farin goshi.

"Sa'a ce!" in ji Mansur. "A sake!"

"Wannan Nore. Shayi ya taɓa ɗiga mata a gefe. Wannan Ole, rana ta ci bayanta kaɗan. Wannan Rijiya ce. Wanga kuwa bijimin ne, Saye ta haife shi."

Ba sunayen da aka buga a jikin katin yake faɗa ba. Sunayen shanunsa ne, waɗanda aka kora daji, ya raba wa katunan ɗaya bayan ɗaya, kowace da wadda ta yi kama da ita. Ya kira goma sha biyu bai kuskure ba, har Malam Nu'uman ya janye yatsansa. Mansur gumi ya jiƙa masa riga, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Shi da ya zo fidda mutum daga rami, ga shi ya ƙara masa zurfi.

"Baffa, me ya sa?" ya ce da shi ƙasa-ƙasa. "Da ka ce ba ka sani ba!"

"In yi ƙarya don a ce ban yi cuta ba?" Sahabi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kun taɓa ganin makiyayin da bai san saniyarsa ta baya ba? Rabin rayuwata a bayansu na yi ta. Na san su. Shi ya sa ba ni kallon su in zan ja."

Sai Yasir, wani ma'aikacin asibiti da Sahabi ya kayar da safe, ya tafa hannu. "Wallahi gaskiya ne! Duk lokacin da zai ja kati sai ya kau da kai bango. Ni har na ji haushi, na ɗauka raina ni ya yi!" Wasu biyu da suka kara da shi suka ce su ma haka suka gani.

Malam Nu'uman ya sosa gemu. "Kau da kai ba ya cikin doka. Sai dai ko a zuba su a buhu ya riƙa lalubowa."

"Da yatsa ma na san su, alƙali," in ji Sahabi.

Dariya ta ɓarke, har da masu ƙunƙuni na baya. Kai, wannan mutum, ko a bakin rijiya ba zai saya wa kansa guga da ƙarya ba! Rabi'u ne bai yi dariya ba. Shi mutumin Runka ne, ya san abin da daji ya ci. Ya daɗe yana kallon katunan nan da aka kira da suna.

"Ni ba na son kofin da biro ya ba ni," ya ce. "A ba wani mutum katunan ya zauna a bayansa, ya riƙa miƙo masa ta kafaɗa. Ba gani, ba taɓawa. In ya ci ni a haka, ya ci ni."

"An yarda," in ji Malam Nu'uman. "Malam Mansur, kai ka jawo, kai za ka riƙe. Da sharaɗi: ka yi tari ma, na tashi wasan. Abin da na rubuta kuwa yana nan, sai na ga ƙarshe."

Mansur ya matso kusa da kunnen Sahabi kafin a fara. "Baffa, ka san in ka faɗi yanzu, za a ce da ma alamar ce ke ci maka?"

"Na sani. Zauna, Malam. Miƙo mini shanuna."

Wanda bai ga Mansur a wannan rana ba bai ga azaba ba. Mutumin da ko a layin mai sai ya yi sharhi, ga shi zaune a bayan wani, katuna a kife a cinyarsa, leɓe a cije. Rabi'u ya fito da ƙarfinsa, manyan bijimai masu lamba tara-tara, ya cika tabarma. Sahabi kuwa sai ajiye ƙananan shanu yake, irin waɗanda yara ke bayarwa kyauta a musaya, marasa ƙarfi sai juriya. Da bijiminsa ya zo hannu, ya bar shi ya faɗi a karon farko bai ko kare shi ba. Mansur ya ji kamar ya yi ihu. Ya haɗiye.

Rabi'u ya jefa Fari. Sahabi ba Rijiya a hannu, shanu biyu suka tafi. Jama'ar Safana suka fara murna. Katunan cinyar Mansur suna ta raguwa, bakwai, biyar, huɗu. Sahabi ko waiwaye bai yi ba, yana zaune daram kamar mai jiran a kawo fura.

Saura kati uku, Rabi'u ya ƙare Rijiyoyinsa wajen kare bijimai daga ƙananan hare-hare. A nan Sahabi ya sauke Fari biyu da ya ɓoye tun farkon wasa, ɗaya a kan ɗaya. Manyan bijiman nan masu ƙiba ba juriya, suka zube kamar an girbe dawa. Na Sahabi ƙanana suna nan tsaye. Malam Nu'uman ya durƙusa ya duba tabarma sau biyu.

"Rabi'u huɗu. Sahabi shida."

"Allahu akbar!" Mansur ya fashe, kamar tulun da aka toshe ya samu kafa. Rabi'u ya miƙo hannu biyu ya gaisa da Sahabi, ya ce, "Baba, ka yafe ni."

"Ba ka yi laifi ba, ɗana. Ka ji tsaga ka faɗa. Amma ka riƙe wannan: ba mai ƙiba ke ganin damina ba."

Malam Nu'uman ya ɗauki biro ya ja layi a kan kalmar nan, ya sake ja, har takardar ta kusa hujewa. Ya rubuta wata a gefe, ya karanta da ƙarfi: "Sahabi na Batsari, zakara."

Mansur ya zaro waya ya danna, ga sharhi cike da baki tun ɗazu yana cin sa. Ya buɗe baki, sai ya ga Sahabi yana tattara katunansa ɗaya-ɗaya, yana shafa kowanne da babban yatsa kafin ya sa a aljihu. Tausayi da girmamawa suka kama shi lokaci guda. Ya miƙa masa wayar.

"Baffa, yau kai ne da labari. Mutum ɗari uku ke saurare."

Sahabi ya riƙe wayar nesa da baki, yadda tsofaffi ke yi. Ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Ni ne Sahabi jikan Daudu, na Ruma. Alƙali ya rubuta Batsari, to a gyara, Ruma ce. An kore mini shanu ban bi kowa da sanda ba, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa kwance igiyar wani ba. Wanda ya fara magana ɗazu a baya bai ƙarasa ba, ga ni nan zaune, ya zo ya ƙarasa."

Aka jira. Ba wanda ya motsa.