In'inar Auta

Ni kafinta ne, kuma ban iya karatu ba. Ko matata, Allah ya jiƙanta, sai da muka shekara uku kafin ta gane. Autata kuwa na rantse ba za ta taɓa sani ba.

Ita ko tun tana aji biyu ba ta ganin takarda ta ƙyale. Ƙanwata ta tara mata littattafai kwali guda, na labarai, na dabbobi, har da na taurari. Kullum in ta taso makaranta sai ta zo shagona ta zauna kan buhun dusar katako tana karanta mini, ni ina goge allo ina gyaɗa kai kamar malami. Sai dai in'ina take yi. Ta tsaya, ta ja kalma, ta dube ni. In daka mata tsawa: "Maimaita!" Ta maimaita daidai, in ce yauwa.

Shekara biyu ana abu ɗaya. Raina ya ɓaci, na ce wannan ai shuka dusa ne. Na kwashi kwalin na ba mai shagon ƙusa ya riƙa ƙunshi da su, na wuce makaranta in ci wa malamarsu mutunci.

Malamar ta bar ni na gama zuba, sannan ta kira Auta ta miƙa mata littafi. Yarinyar ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta soma. Shafi uku ba tuntuɓe ko ɗaya, har muryar tsohuwa da ta ɓarawo take canzawa. Kunya ta rufe ni.

A hanya na ce, "Ke, ni kike mayarwa wawa?"

"A'a, Baba. Na karanta labarin wani tsoho da bai iya karatu ba. Ranar da ɗansa ya gane, tsohon ya daina zama kusa da shi. Ni ban so ka daina."

Na koma wurin mai ƙusa da gudu. Ya riga ya yayyaga littattafan, ya jera shafukan a kan ƙugiya.

Da na faɗa mata, na so ta yi kuka, ko ta zage ni ma. Sai ta kama hannuna.

"Ba komai, Baba. Ai ba ka san abin da ke ciki ba."