Fitilun Motar Bangon Inna

Wanne ya fi zama zalunci: ka bar tsohuwa ta shiga kabari rungume da ƙarya, ko ka ƙwace ta daga hannunta tun tana numfashi? Ni dai ban sani ba, shi ma Bakanike bai sani ba, ga shi kuwa ya yi furfura yana juya tambayar.

Sana'arsa gyaran mota, amma abin da ya fitar da shi daban shi ne ido. Mai shagon hoto na bakin titinsu kan kawo masa tsofaffin hotunan da mutane ke son a sabunta musu, ya ce, "Dattijo, motar da ke cikin wannan fa, ta wane zamani ce?" Sai ya goge baƙin mai a jikin wando, ya kanne ido ɗaya. Idan ƙafafun na katako ne, ga ƙarfen da ake murzawa a gaba kafin ta tashi, ya ce tsohuwa ce tukuf. Idan fitilu na tsaye kan sanda kamar idon kaguwa, ya faɗi zamaninsu. Bai taɓa kuskure ba.

Hoto ɗaya ne bai taɓa buɗe baki a kansa ba, na ɗakin Inna, mahaifiyarsa. Yana rataye saman gadonta: mutum dogo, hannunsa a kan murfin injin wata baƙar mota. Ubansa ke nan, direban da ya tafi aiki nesa, wata biyu da tafiyarsa aka ce ya rasu, Bakanike na ciki. Daga baya wani abokin aikinsa ya kawo wa Inna hoton, ya ce shi ne na ƙarshe.

Yana yaro, mutumin yake kallo. Da ya koyi sana'a, sai idonsa ya zame kan motar. Fitilunta a nutse suke cikin jiki, gilashin gaba a lanƙwashe. Ba a fara ƙera irin wannan ba sai bayan ya yi wayo, yana gudu a tsakar gida. Matacce kuwa ba ya dafa motar da ba a ƙera ba.

To Inna ce ta yi masa ƙarya, ko ita aka yi wa? Idan ita aka yi wa, kalma ɗaya daga bakinsa za ta mayar da takabarta da hawayenta abin dariya. Tun daga ranar, in ya shiga gaishe ta, baya yake ba bangon.

Ran nan da hantsi, autarsa ta tare shi a ɗakin. Inna na kwance, jiki ya yi nauyi, numfashi sama-sama.

"Baba, zan kai hoton Kaka a ƙara masa girma. Mai hoto ya ce ka faɗi zamanin motar a rubuta a ƙasa."

"Ban sani ba."

Auta ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai? Yau wanzami ya ga jini ya gudu! Motocin mutanen gari ka sani, ta ubanka ce ta gagare ka?"

"Na ce ki bar shi a inda yake!"

Muryar ta fi ƙarfin ɗakin. Shi kuwa bai juyo ga bangon ba. Idan yarinyar nan ta fita da hoton, wani mai ido zai gani, magana ta zaga ta dawo kunnen Inna a bakin bare.

"Ɗan nan," in ji Inna daga kan gado. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. "Tsawa a ɗakina?"

"Yi haƙuri, Inna."

"Juyo. Na gaji da gaisawa da ƙeyarka."

Ya juyo da ƙyar.

"Ni ban san mota ba," ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Duk baƙin ƙarfe ne a wurina. Amma na san mijina. Ranar da ya fita gidan nan, sumarsa har goshi. Dubi wancan. Sanƙo ba ya cin rabin kai a wata biyu."

Auta ta dafe baki.

"Kin sani?" Muryarsa ta fito siririya, kamar ba ta mai jikoki ba.

"Tun ranar da aka miƙo mini. Na ce gara ka tashi maraya da ka tashi wanda aka gudu aka bari. Da na ga ka daina kallon bangon, na san ƙarfen ya yi maka tsegumi. Tsoro ya hana ni tambaya." Ta rufe ido. "Abu ɗaya ya tsaya mini. Shekara nawa ya yi yana yawo a duniya bai waiwaye mu ba? Fuska ba ta faɗa mini wannan ba."

Bakanike ya miƙa hannu ya zare hoton daga ƙusa, ƙura ta zubo kan matashin kai. Ya zauna bakin gadon, ya goge gilashin da gefen riga, ya kanne ido ɗaya.

"To, Inna," ya ce, "bari mu fara da fitilun."