Jinin Kawu Maliki

Zakiyya ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wani asibiti a Birnin Kebbi, tana zaune a Badariya tare da mahaifiyarta. A shekarar da ta fara karatun digiri na biyu, malaminta Dakta Nu'uman ya saka ta cikin wani bincike da yake yi a kan manoman shinkafa na fadamar Rima.

Abin da binciken yake nema ba shi da wuyar ganewa. Duk lokacin da cuta ta shiga jikin mutum, garkuwar jikinsa takan tashi ta yi faɗa da ita, faɗan nan kuwa yakan bar alama a cikin jini. Akwai sinadaran da ake aunawa, ɗaya ana ce masa niyoftarin. In ya yi yawa, an san jiki yana fama da wani abu, amma ba ya faɗin ko mene ne. Zazzaɓin cizon sauro na iya ɗaga shi, tarin fuka na iya, tsutsar ciki ma na iya. Dakta Nu'uman yana so ya ga ko masu wuni cikin ruwan fadama sun fi mutanen gari yawan wannan alama tun kafin su kwanta ciwo.

A Zauro an samu masu ba da jini ba tare da wata wahala ba. A Argungu ne aka ƙi. Manoma suka tsaya nesa suna kallon kwalaben da allurai, wasu suka ce su lafiyarsu lau, me za a yi da jininsu? Zakiyya ta rasa yadda za ta yi, sai ta tafi wurin Kawu Maliki, yayan mahaifiyarta, manomin shinkafa da albasa, mutum mai faɗa a ji a unguwarsu. Shi ne ya zo ya zauna a kan benci a gaban kowa, ya naɗe hannun riga.

"Wagga ɗiyata ta," ya ce wa mutane. "Ni na ga haihuwatta. In da cuta cikin abin ga, ni za ta hwara ci."

Da ya tashi yana danne da auduga, sai ga mutane sun yi layi.

Dokar binciken ita ce kwalba ba ta ɗauke da suna, sai lamba, don kada mai awo ya san jinin wane yake aunawa. In an ga wani abu da ba a gane masa ba, Dakta Nu'uman ne zai nemi mutumin, ya gan shi shi kaɗai, ya sa a ƙara bincike. Amma Zakiyya da hannunta ta rubuta lambar Kawu, ba ta kuwa manta ba. Ranar da sakamako ya fito a kwamfuta, idonta ya tafi kai tsaye can. Nasa ya fi na kowa hawa, nesa ba kusa ba.

Dakta Nu'uman ya yi tafiya, ba zai dawo ba sai mako mai zuwa. Ta ce a ranta ai kawunta ne, ba baƙo ba, me zai sa ta jira? Ranar Asabar ta shiga mota zuwa Argungu.

Ta iso bayan la'asar. Kawu Maliki yana ƙofar gida a kan tabarma, shi da abokan hirarsa, ana ta gardama a kan farashin takin zamani. Niyyarta ta gaishe su ta wuce ciki, ta aika a kira shi. Amma shi da ya gan ta sai fuskarsa ta cika da murna.

"Ga ta nan, ga mai jini! Zakiyya, mi kunka gani? Hwaɗi mana, duk nan 'yan'uwa na."

"Kawu, bari in shiga in gai da Inna tukuna."

"Haba, hwaɗi. Su Dikko na ta cewa kun kai jininmu Turai kun sayar."

Aka yi dariya. Zakiyya ta ji duk idanu a kanta, dattawan da suka san ta tun tana tallan ƙosai, yau suna jiran ta yi musu bayanin ilimi. Wani daɗi ya kama ta, ya danne tsoron da ta taho da shi. Ta gyara mayafi ta fara magana, ta ce an auna jinin kowa, aiki yana tafiya daidai. Sannan ta ce:

"Kai dai Kawu, naka ya nuna akwai matsala ga garkuwar jikinka. Alamar ta hau ƙwarai. Sai ka zo Birnin Kebbi an ƙara dubawa."

Wurin ya yi tsit. Dikko, wanda yake zaune gwiwa da gwiwa da Kawu, ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Wani ya yi gyaran murya, wani ya ce bari ya leƙa gona. Zakiyya ta ɗauka girman maganar ce ta sa su shiru. Ta shiga gida ta gai da Inna Sauda, matar Kawu, ta sha fura, ta kamo motar yamma.

Abin da ba ta tuna ba shi ne, a rediyo da bakin mutane, wuri ɗaya ake jin kalmar garkuwar jiki: cuta mai karya garkuwar jiki, wato ƙanjamau.

Kawu bai zo Birnin Kebbi ba. Ta kira wayarsa, ba ya ɗauka. Ta ce ko aikin gona ne ya riƙe shi. Sai wata rana da hantsi tana tsakiyar aiki aka ce mata tana da baƙuwa a waje. Inna Sauda ce, a tsaye gindin dalbejiya, ta ƙi zama.

"Zakiyya, ki ji tsoron Allah ki hwaɗa min gaskiya. Ni ma ina da ita?"

"Kina da mi, Inna?"

"Cutar da kic ce shina da ita gaban mutane."

Nan Inna Sauda ta kwashe komai ta faɗa mata. Wanzamin da yake yi wa Kawu aski tun suna samari ya ce masa daga yau ya riƙa zuwa da askarsa. Mai shayi ya ware masa kofi. Akushin da ake haɗuwa a ci a zaure, yanzu kowa sai ya ce ya ƙoshi. Shi kuwa Kawu bai yi musu da kowa ba, don shi ma ya yarda. Ya tuna jinin da aka taɓa ƙara masa lokacin da ya faɗi da babur, ya ce daga nan ne. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin ajiyar albasa, ya ware kwanonsa da butarsa, ya hana jikokinsa hawa jikinsa. Masallaci ma sai an tayar da salla yake shiga, ya tsaya a sahun ƙarshe, ana sallama ya fice.

Zakiyya ta jingina da bango.

"Inna, wallahi ba haka nike nuhi ba. Ba mu ma auna wagga cuta ba."

"To mi kike nuhi? Ke da kika yi karatu, ba ki san abin da ke hita bakinki ba?"

Ta raka Inna Sauda tasha, ta dawo ta wuce ofishin Dakta Nu'uman, wanda ya dawo daga tafiyarsa. Ta faɗa masa abin da ta yi tun daga lambar kwalba har zuwa ƙofar gidan Kawu. Bai ɗaga murya ba, hakan ma ya fi yi mata zafi.

"Me muka yi wa mutanen nan alkawari ranar da muka ɗebi jininsu?"

"Cewa ba wanda zai ji sakamakon wani."

"Kuma wannan alamar, ta gaya miki sunan cuta?"

"A'a."

"To kin je kin ba mutum rabin magana, a gaban jama'a, kin bar musu su cika sauran. Dole in sanar da kwamitin da ya ba mu izini. Daga yau ba za ki sake fita ɗibar jini ba. Gobe ki shirya, mu je tare."

Sun sami Kawu Maliki a ɗakin albasar, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Zakiyya ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Ya amsa bai dube ta ba. Dakta Nu'uman ya ce ta jira a waje, ya shiga ya jawo ƙofa. Ta zauna a tsakar gida a kan turmi, Inna Sauda tana tankaɗe.

Da yardarsa aka yi masa gwajin ƙanjamau a nan take, babu ita. Sai da Dakta ya yi ta tambaya a hankali sannan Kawu ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa, har ga matarsa: yakan ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Ya ce kunya ce ta hana shi faɗa, don a saninsa wannan ciwon yara ne masu wanka a rafi, ba na mai jikoki ba. Aka tafi da fitsarin, aka duba, aka ga ƙwayayen tsutsar tsagiya, wadda ake ɗauka a ruwan fadama. Ita ce jikinsa yake ta faɗa da ita. Maganinta 'yan ƙwayoyi ne.

Saura mutanen gari. Dakta Nu'uman ya ce wa Kawu ba wanda zai faɗi ciwonsa sai da izininsa. Kawu ya ce:

"In ban hwaɗi wanga ba, wancan za su riƙe. A hwaɗi. Amma ita za ta hwaɗi, wurin da tay yi na hwarko."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Zakiyya ta tsaya a ƙofar gidan, a gaban tabarmar nan. Mutane sun fi na ranar farko yawa, har da waɗanda ba ta sani ba. Ta fara da cewa ita ce ta yi kuskure. Ta ce garkuwar jikin Kawu ba karyewa ta yi ba, tashi ta yi tana faɗa, kuma an gano da abin da take faɗan. Da ta zo kan maganar fitsarin jini, ta saci kallon Kawu. Yana zaune ya kafa ido a ƙasa, jijiyar wuyansa ta tashi. Mutumin da ya naɗe hannun riga saboda ita, yau ta sa ana zancen fitsarinsa a bakin titi. Ta ƙarasa da ƙyar.

Dikko ne ya fara magana. Ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya matsa ya miƙa wa Kawu hannu. Wasu suka bi. Amma tana juyawa ta ji wani daga baya yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ai dole su ce haka, ɗiyar ƙanwarshi ta."

Kawu ya sha magani, ya koma ɗakinsa, jiki ya dawo. Wanzami ya zo har gida ya ba shi haƙuri, ya karɓa, amma ya koma yin aski wurin wani. Da lokacin ɗibar jini na biyu ya zo, wanda zai nuna ko alamar ta sauka bayan magani, manoman Argungu da yawa ba su fito ba. Kawu ya aiko cewa a cire shi daga binciken. Doka ta ce wanda ya janye a zubar da abin da ya rage na jininsa, aikin kuwa ya faɗo a kan Zakiyya. Ta ciro 'yar kwalbar daga firji, ta jefa ta a kwandon da ake kaiwa ƙonawa. Ba ta taɓa sanin ko alamar ta sauka ba.

Da damina ta kama, wata safiya wayarta ta yi ƙara, ta ga sunansa. Ta fita daga ɗakin gwaji da sauri ta ɗauka, ta gaishe shi har tana durƙusawa kamar yana ganinta.

"Lahiya lau," ya ce. "Tambaya gare ni. Mun koma ruwa, dashe muke. Abin nan na iya dawowa?"

"Yana iya, Kawu. Muddin ana shiga ruwan, gara a riƙa shan maganin duk shekara."

"To. Akwai mutum biyu nan da sunka same ni a ɓoye, su ma suna ganin jinin ga hitsarinsu. Ba ni hwaɗin sunansu."

"Kar ka hwaɗi, Kawu. Zan yi wa Dakta magana yau. Ni ma in zo Asabar in..."

"A'a," ya ce. "Shi dai shi zo. Ke yi zamanki, ki gai da uwarki."

Ta ce to. Ya kashe wayar, ita kuma ta tafi neman Dakta Nu'uman.